Muƙamuƙin Jakin Baba

Assalamu alaikum Yaya Abdulrauf,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali a can Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan Buji lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Ka san rikicin iyakar gona tsakanin ƙaninka Lado da maƙwabcinmu Malam Fa'izu. Ka kuma tuna marigayi Baba kullum cewa yake iyakarmu ita ce inda ya binne jakinsa, har mutane na yi masa dariya wai wa ya taɓa yi wa jaki kabari. To, shekaranjiya Lado na huɗa, garma ta tono wani muƙamuƙi. Na kai masa abinci na tarar ya yi tsuru-tsuru, ya ce ai na saniya ne. Ni dai ban yarda ba. Na naɗe shi a zani na kai wa Bubayero, Bafulatanin da ke mana kiwo. Ya jujjuya shi, ya nuna mini fiƙa, ya ce saniya ba ta da ita, wannan jaki ne, namiji, tsoho.

Yaya, inda ƙashin ya fito can cikin gonarmu ne, nesa da inda Lado yake cewa nan ce iyaka. Ashe kunyoyin da ake ta rigima a kansu na Malam Fa'izu ne, hatsinsa muke ci. Na gaya wa Lado, ya ce in rufe bakina, wai ƙashi ba ya magana. Ranar Juma'a dagaci zai zauna, shi kuwa Lado ya ce zai dafa Alƙur'ani. Wallahi tsoro nake ji. Gona ba ta kai a yi rantsuwar ƙarya a kanta ba, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kai ka riƙe wa Baba fartanya ranar da aka binne jakin nan, ka san wurin. Don Allah ka kira Lado kafin Juma'a, maganarka yake ji. In ba ka kira ba, muƙamuƙin yana ƙarƙashin gadona, ni zan kai shi gaban dagaci, ko da Lado ba zai ƙara kallona ba.

Ka gaishe da Anti Ruwaida da ɗanmu Zuhair. Inna na gaisuwa, ba ta san komai ba tukuna.

Ƙanwarka,
Ikilima