Randar Inna Ba Shara Ba Ce

Zuwa ga Mai Girma Mudirin kamfanin da ke haƙa ramin tankunan fetur a ƙarshen Harra ta Yamma, Madina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, aiki kuma yana tafiya yadda kake so. Na san yana tafiya, daga ƙofar shagona nake jin kukan injinanka.

Sunana Sa'idu, wanzami ne ni a unguwar nan tun kafin a zuba kwalta. Ba za ka tuna ni ba, ko da yake mun taɓa tsayawa fuska da fuska. Da Hausa na rubuta don mutanena su karanta. Wani ɗalibin jami'a zai juya maka ita Larabci, na kuma roƙe shi kada ya sanya mata zuma.

Na farko. Filin da kuka kewaye da kwano maƙabarta ce. Mahaifiyata, Inna Zinaru, tana ciki. Ta taso daga Haɗeja a ƙafa ina goye a bayanta, ta ratsa Chadi da Sudan tana dakau a gidajen mutane, har muka ƙetare teku. Burinta ɗaya tak, ƙasar garin Manzon Allah ta rufe ta. Ta rasu a shekarar wata annoba da gawa ta yi mana yawa, hanyar maƙabartar cikin gari kuma ta gagare mu. Makiyayan da suka gaji wurin, dangin wani dattijo Abu Salim, su suka buɗe mana gefen tsohuwar maƙabartarsu. Nasu da namu suna kwance kafaɗa da kafaɗa.

Na biyu, kuma nan nake so ka natsu. A ƙasarmu idan an kwantar da mamaci, ana rufe shi da itace ko ɓarin tukunya kafin a zuba ƙasa, don kada ta faɗa masa a fuska. Harra ba ta da itace, sai baƙin dutse mai yanka hannu. Saboda haka duk gidan da aka yi rashi, randar ruwansu suke tsagawa. Ta Inna ni na tsaga ta gida biyu, na kifa mata. A sama kuwa ba mu sa komai ba, domin malaman garin nan sun koya mana ba a gini ba a rubutu a kan kabari. Muka ji, muka bi.

Na uku. Da motocinku suka iso ba mu ɗauki sanda ba. Abu Salim ne ya bi mu gida gida da kansa, har unguwannin Ƙurban da Jurf. Muka taru, Larabawan ƙauye, da mu 'yan Najeriya, da masu ɗinki 'yan Sudan, da direbobi 'yan Chadi, da 'ya'yanmu haifaffun nan da ake yi wa Hausa su amsa da Larabci. Muka zauna a bakin filin muna salati. Ka zo cikin mota mai sanyi, ka ce a nuna maka kabari ko ɗaya. Muka duba, dutse ko'ina iri ɗaya. Ka yi murmushi, ka ɗaga wa mai injin hannu.

Haƙoran injin suka shiga ƙasa, suka fito da tsingaro fal. Zuciyata ta ce to, ga shaida, yanzu za a tsaya. Sai ka tura ɗaya da tsinin takalminka, ka juyo ka ce mana, "Shuf, hadi mazbala." Wai mu gani, juji ne, ga fasassun tukwane. Ƙasusuwan da suka biyo baya ka ce na ragunan layya ne. Ranka ya daɗe, wane rago ake yi wa likkafani? Wane rago ake kwantarwa yana kallon alƙibla?

Na tsuguna na ɗauki wani ɓari mai zanen yatsa a wuya. Na san shi, a randar nan na sha ruwa har na yi gemu. Na ɗaga shi na ce maka, "Ya Mudir, hadi ummi, uwata ce." Ka ce in tafi da shi gida in ina so, kamfani ya yafe mini. Har ma'aikatanka sun sunkuyar da kai, kai kuwa kana duba agogo.

Na huɗu. Washegari aka zo duba takardun zama, a bakin filin kaɗai ba a ko'ina cikin unguwa ba. Ba sai na tambayi wanda ya kira su ba. Aka kwashi waɗanda ba su da iƙama, wato izinin zama, har da Malam Idi ladaninmu, tsoho mai ciwon ido wanda 'ya'yansa biyu ke kwance a wurin. An tura shi ƙasar da ba wanda ya san shi a cikinta. Sauran jama'a tsoro ya mayar da su gida, ban ga laifinsu ba. Abu Salim kaɗai ya ci gaba da zama a rana har zazzaɓi ya kayar da shi. Wallahi na tsane ka a ranar, kuma ba zan ce maka abin ya wuce ba.

Ga roƙona. Ba na neman diyya, kada ka aiko kowa da ambulan. Ka tsayar da injin a inda ya tsaya, rabin filin bai tonu ba tukuna. Ka sa baki a dawo da Malam Idi. Sannan ka faɗa mini inda manyan motocinka suka juye ƙasar. Wani direba ya ce cikon sabuwar hanyar Jurf aka yi da ita, wani ya ce ramin bayan kasuwar dabbobi. Kullum bayan la'asar ina bin hanyar nan da buhu, takalmina a hannu, domin ban san inda zan taka Inna ba.

Allah ya ba ka tsawon rai har ka gane abin da ka yi. Allah ya raba iyayenka da masu hannu irin naka. In ta Allah ta kasance gare ka, Allah ya sa a bar ka inda aka ajiye ka.

Wassalam, daga wanda aka mayar maraya karo na biyu,
Sa'idu Wanzami, ɗan Zinaru.