Kwalbar Hadiza a Filin Makaranta

Zuwa ga Shugaban Tawagar Binciken Cutar Tsargiya,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina fata kun koma gida lafiya. Mun gode da maganin da kuka raba, yana aiki.

Mutane da yawa suna ɗauka idan hakimi ya yarda, hedimasta ya yarda, to yaro ma ya yarda, wai don yaro ba shi da sirri. Ni malamar aji shida ce a wata firamare ta bakin ruwa kusa da Wara. Wallahi yaro yana da sirri.

1. Da kuka zo da daminar nan, kun ba yara kwalabe masu nuna abin da ke ciki, kuka ce su kawo fitsari. Teburinku yana can gindin mangwaro, sai yaro ya ratsa fili kaf da kwalbarsa a hannu. Kafin na'urarku ta ga komai, 'yan aji ɗaya sun gama fitar da sakamako.

2. Maza kam sun sha biki. A nan ɗan masunci yana ɗaukar jan fitsari shaidar ya zama namiji. Ɗanjuma, da nasa ya fito fari tas, sai da ya roƙi abokinsa ya sam masa kaɗan. Ku sake duba lissafinku.

3. Na ukun ba na dariya ba ne. Hadiza, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajina, tata ta fito ja. Yara suka laƙaba mata Zoɓo. Tun ranar ba ta dawo ba, tana gida tana shanyar kifi da innarta, wadda babu wanda ya nemi izininta kafin a gwada Hadiza. Jarrabawar shiga sakandare kuwa ta matso.

Ina roƙo ku turo mace daga cikinku ta zauna da Hadiza da innarta, ta bayyana musu cewa daga ruwa ake ɗaukar cutar, ba abin kunya ba ce. In ta ji daga bakinku, ina sa ran za ta dawo. Nan gaba ku tambayi iyaye, ku tambayi yaron da kansa, wanda ya ƙi kada a hana shi magani. Kwalbar kuma, ko baƙar leda ta isa a rufe ta.

Idan kana ganin na cika ƙorafi, ranka ya daɗe, gwada da kanka. Gobe da safe ka cika kwalba, ka ratsa ofishinka da ita, kana gaisawa da ma'aikata.

Allah ya ƙara maka basira, ya sa albarka a aikinku.

Wassalam.

Malama Saratu