Sunana a Kan Hatimin Ƙarya

Litinin, 4 ga Maris, 2024
A ofishinmu na binciken takardun jabu, Oga Mansir ya ajiye mini takardar wani fili a unguwar Lamorde ta Mubi, da filash ɗin kwamfuta da 'yan sanda suka karɓe a hannun mai sayar da filin. "Precious, duba mana, ta gaske ce ko zane?" Zane ne mana. Hatimin ya fi takardar tsafta, sa hannun kuma daga wani wuri aka yanko shi.

Laraba, 6 ga Maris
Na buɗe ainihin fayil ɗin zanen. Masu zane a kwamfuta suna jera aiki gutsure-gutsure, wani bisa wani, yawanci lamba suke sa musu. Wannan mai zanen kuwa ya sa wa rubutun suna "Baba", sa hannun "Mama". Hatimin kuma "Pesho".

Mutum ɗaya ne a duniya yake kirana Pesho. Haka yayana Vandi yake raɗa wa aikinsa suna a shagonsa na buga kati, ina gefe ina koyo. Ranar da muka gudu daga Mubi saboda harin 'yan ta'adda, shekara tara ke nan, ya bi wata hanya, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

A Janairun bana aka yi fayil ɗin.

Alhamis, 7 ga Maris
Yana da rai. Yesu na!

Lahadi, 10 ga Maris
A coci Mama ta sake roƙon a sa Vandi a addu'a. Ban gaya mata abin da na gano ba. Haba Vandi! Ka iya zana hatimin ƙarya, amma buga waya ɗaya ya gagare ka? Ina kewarka har haushi nake ji.

Talata, 12 ga Maris
Oga ya leƙo: "Rahoton fa?" Sunan shagon da aka yi aikin yana cikin bayanan fayil ɗin. In na rubuta, za su kama shi. In na tsallake, ba wanda zai sani, ya sake ɓace mana.

Jumma'a, 15 ga Maris
Na rubuta komai, har sunayen. Oga ya karanta, ya ɗago. "Kin san shi?" Na ce yayana ne. Ya karɓe aikin daga hannuna.

Aikina kawai na yi.

A hanyar gida na sayi kular abinci mai hawa uku, irin wadda ake kai wa mutum a tsare. Mama ta tambaya ta wa ce. Na ce da araha na gan ta.