Inna Ta Gane Ka a Kaset

Ƙaura Namoda.

Zuwa ga ƙanena Sanusi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin Amurka, ya kuma gwiwar taka? Mu nan lafiya lau, alhamdulillahi.

Kaset ɗin wasanka na ƙwallon Amurka ya iso. Tun zuwan Shari'a an rufe gidajen kallo, sai na aro bidiyo na kai wa Inna can Shinkafi. Na rubuta lambar rigarka a littafina, amma da ƙatti suka jeru cikin hulunan kwano sai na ruɗe, na nuna mata wani.

Ta ce, "Ba shi ba ne. Ga autana can, mai dafa ƙasa da hannun hagu. Haka yake yi tun yana kokawa."

Ta tambayi dalilin da ya sa ba a ba ka ƙwallo ba. Na ce aikinka tare hanya ne da kayar da mai ƙwallon, ban sani ba ko na faɗa daidai. Da aka danne ka, ta kau da kai.

Ka rubuto cewa ba za ka sa hannu a sabon kwantiragi ba sai da yardarta. Na karanta mata wurin sau biyu. Ta ce ta yarda, Allah ya tsare. Sharaɗinta ɗaya: in ka kayar da ɗan mutane, ka miƙa masa hannu ya tashi, don ta ga ba ka yi ba.

Ka sa mu cikin addu'a. A gaida Hadiza da yara.

Yayanka,
Lawali