Muryarka da Inna Ta Ƙi Karɓa

Zuwa ga yayana Isuhu, a duk ƙasar da wannan ta riske ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙani ke yi wa wansa, ina fatan kana cikin lafiya da rufin asiri. Ni ne Laminu, daga nan Dogon Dutsi. Mutanen gida a Ɗan Kassari suna gaishe ka. Ruwa ya sauka da wuri bana, gero ya kai ƙugu, sai dai tsutsa ta taɓa gonar gabas.

Na san ba ka son a baje zancen gida a gaban mutane. Ka yi mini haƙuri. Lambarka ta daɗe da daina shiga, waɗanda kuka tafi tare kuma kowa da abin da yake faɗi. Shi ya sa na rubuta a shafina na intanet, ko Allah zai sa wani da ya taɓa ganinka a Agadas ko bayan Arlit ya karanta maka.

Akwai maganar da nake so ka ji daga bakina. Ta shafi Inna, ta kuma shafi tsohuwar gardamarmu.

Ka tuna ɗakin nan na bayan shagon Kawu Bawa, kusa da tasha, wanda ka mayar situdiyo? Kai ka bi masu shayi kana roƙon kwalayen ƙwai, muka manna su a bango har rufi, muka toshe taga da tsohuwar katifa don kada ƙarar motoci ta shigo. Zafin ɗakin ya isa ya dafa mutum. Amma da ka rufe ƙofa sai duniya ta yi tsit, kai kuma ka yi ta murmushi kamar ka gina bene.

Sannan ka je Yamai ka dawo da kaske, wannan baƙin abin saurare mai rufe kunnuwa duka biyu. Ka naɗe shi cikin rawani kamar jariri. Ka ɗora mini a kai, ka kunna waƙar da na fi so, ka tsaya kana jiran yabo.

Ni kuwa ban yaba ba. Waƙar ta fito a bushe. Gangar da ke dukan ƙirjina idan na sa 'yan ekuter ɗina na kasuwa masu shiga cikin kunne ta koma can baya, ta ƙanƙance. Ina jin mawaƙin yana jan numfashi, ina jin inda muryarsa ta kusa karyewa, abubuwan da ban taɓa sanin suna ciki ba, ban kuma nemi in sani ba. Na ce maka an cuce ka a Yamai.

Ka yi dariya har da riƙe ciki. Ka ce, “Kaske nagari ba ya ƙari, ba ya ragi. Abin da mikro ya ji shi zai ba ka, ko ya yi maka daɗi ko bai yi ba.” Ni kuma na ce kunnen mutum ba mikro ba ne, ba na'urar ɗaukar murya ba ce. Na ce idan Inna tana magana a tsakar gida, ba busasshiyar murya nake ji ba, ina jin ɗuminta, ina jin bangon ƙasa yana mayar da ita. Duk abin da ya cire wannan, ƙarya yake yi, ko da ma'auninsa daidai ne.

Daga ranar ba mu sake rabuwa da wannan magana ba. A kan tuwo, a kan moto idan ka goya ni, a layin famfo.

Masu zuwa wurinmu ma kowa da kunnensa. 'Yan kabu-kabu so suke a cika musu bas, wato kaurin ganga, har salula ta riƙa rawa a aljihu. 'Yan mata masu waƙar biki so suke a sirantar musu da murya. Samarin kasuwa masu kawo wa'azi a ɗauka so suke a sa musu amsa-kuwwa, ta yadda mai saurare zai zaci a babban masallaci aka yi. Kana yi musu, don sana'a ce, amma da sun fita sai ka ajiye asalin a gefe. Kullum ka kan ce, “A yi wa mutum kwalliya, amma kada a jefar da fuskarsa.”

Sai ranar da tsohon nan mai goge ya zo daga Matankari, Baba Nomau. Jikokinsa ne suka matsa masa a ɗauki kiɗansa kafin hannunsa ya gaza. Ya zauna a ɗakinmu yana gumi, ya goga abin da ya goga. Da aka gama ka ɗora masa kaske bisa hula. Ya saurara kaɗan, ya cire da hannu biyu, ya miƙo maka. Ya ce, “Yaro, wanga ba gogena ba na. Kun tuɓe mishi riga.”

Ranar na yi ta tsalle, na ce na ci gardama. Kashegari ka ɗaure kaya a bayan moto, ka ce in hau. Muka bi tsohon har Matankari, ka kafa mikro nesa kaɗan da shi ƙarƙashin gawo, masu ƙwarya suna gefensa, mata suna tafi, awaki suna kuka. Da ya ji wannan ɗaukar a cikin kasken nan dai, sai ya lumshe ido yana gyaɗa kai, bai so a cire masa ba.

A hanyar dawowa ka juyo kana ihu saboda iska, ka ce, “Ka gani? Ba kaske ne ya yi ƙarya ba. Ɗakinmu ne matacce, shi kuma ya faɗa mana.” Na ce ai ni ma abin da nake faɗi ke nan. Ka ce a'a. Muka iso Dutsi ba mu shirya ba.

Bayan haka aiki ya fara ja da baya. Kowane yaro ya koyi ɗauka da salularsa. Bukukuwan da ake kiran makaɗa suka ragu, wasu gidajen ma idan an ji kiɗa sai an zo an yi musu nasiha. Sai mu wuni a ƙofar ɗaki ba wanda ya leƙo. Ba ka yi shawara da kowa ba sai da ka gama shiri. Ka ce shekara ɗaya za ka yi a Aljeriya, ka dawo da kayan aiki na gaske. Ka bar mini mabuɗi da kaske, ka ce in riƙa goge masa ƙura.

Da farko saƙonninka na murya suna zuwa a kai a kai. Daga Agadas, daga Arlit. Sai na ƙarshe, gajere, wanda ka ce kuna shirin tashi, hanya lafiya lau, in gaida Inna, in ce mata kada ta damu. A lasifikar salula na saurare shi, a tsaye bakin tasha cikin hayaniya. Na ce Alhamdulillahi, na mayar aljihu. Tun daga shi shiru. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, har na daina gaya wa mutane “kwanan nan”.

Yaya, idon Inna ya tafi. Yanar ido ce ta rufe shi a hankali, yanzu haske da duhu kawai take bambancewa. Hotonka da ke jikin bango ba ya yi mata amfanin komai. Ran nan da na je gida ta ce tana son ta ji ka.

Na yi tunanin in kyautata mata. Na ce bari in kai mata abin da kai kanka ka fi yarda da shi. Na ɗauki kaskenka na tafi da shi Ɗan Kassari. Saƙonninka na farko na share su tuntuni da salula ta cika, na ƙarshen kaɗai ya rage. Da hantsi ne, tana zaune kan tabarma a inuwar rumbu. Na gyara mata kallabi, na ɗora mata, na kunna saƙonka na ƙarshe.

Ina kallon fuskarta. Da farko ta buɗe baki kamar za ta amsa sallama. Sai na ga goshinta ya tattare. Kafin saƙon ya ƙare ta kai hannu tana lalube, ta ce, “Cire mini. Wanga ba Isuhu ba na. Wanga yaro ƙishirwa shika ji.”

Na zagaya bayan rumbu na sa a kaina. Ban taɓa jin saƙon nan da kaske ba sai ranar.

Komai yana ciki, Yaya. Leɓɓanka suna mannewa kafin kowace kalma. Kana haɗiyar yawun da babu. Tsakanin “hanya” da “lafiya lau” ka tsaya, numfashinka yana rawa. Can bayanka wani yana tari irin wanda ba ya ƙarewa, wata mace tana kiran sunan Allah a hankali, wani namiji kuma yana daka tsawa da Larabci. Ba ƙarar mota ko kaɗan. Iska ce kawai. Kai da ka ce kuna shirin tashi.

Na zauna a ƙasa. Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba, sai da Inna ta kira ni ta ce in zo in sha fura.

Da na dawo Dutsi na buɗe ɗakin, na kunna ordinater, kwamfutar aikinmu. Na yi wa muryarka duk abin da na iya. Na share iskar. Na danne mai tari da matar da mai tsawa har suka ɓace. Na yanke wurin da ka tsaya, na haɗa “hanya” da “lafiya lau” suka zama numfashi ɗaya. Na ƙara maka kauri daga ƙasa, na rage kaifin sama, na sa ɗan amo kaɗan irin na tsakar gidanmu. Asalin yana nan, na ajiye shi a gefe kamar yadda ka koya mini.

Na zuba gyararren a katin memori, na sa a ƙaramar rediyon nan mai tocila, na kai mata. Ta kara a kunne. Ta yi dariya, hawaye yana zuba, ta ce, “Yawwa. Ga shi nan. Ga Isuhuna.”

Kullum bayan sallar asuba sai ta kunna. Idan ka ce a gaida Inna, sai ta amsa maka, ta tambaye ka gajiya. Maƙwabta sun saba. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ba shi ya ji, ta ce a ji yadda ka yi ƙiba.

To ka ga inda gardamarmu ta kai ni. Wanda ta karɓa, shi ne ya fi kama da kai. Haka kake magana a gida, haka na san ka tun ina yaro, ko makaho ya ji zai ce Isuhu ne. Amma ba ka taɓa faɗin waɗannan kalmomi da wannan murya ba, ni na ƙera ta. Wanda ta ƙi kuwa, shi ne kai a ranar, a wurin, ba ƙari ba ragi. Ban san wanne zan kira gaskiya ba. Da kana nan da ka samo amsa, ka faɗe ta da ƙarfi, ni kuma in ƙi yarda.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na fara rasa taka ta ainihi. Idan na rufe ido ina neman yadda kake kirana daga ƙofar shago, sai ɗayan biyun nan ya fito, ko mai ƙishirwa ko wanda na gyara. Na bincika duk abin da muka ɗauka a ɗakin nan. Muryar rabin garin tana ciki, har da awakin Matankari. Taka babu, domin kullum kana bayan mikro.

Kawu Bawa ya kira ni makon jiya. Ya ce shekaru sun yi yawa, ya kamata a tara malamai a yi maka addu'a da sadaka, a bar mutane su huta. Ya ce ya riga ya tuntuɓi Inna, ta ce ba za a yi ba tana da rai, ɗanta lafiya lau yake, ga muryarsa. Kawu ya dube ni ya ce in faɗa masa tsakanina da Allah abin da na sani. Na kai shi ɗakin, na ɗora masa kaske, na kunna masa asalin. Ya saurara har ƙarshe. Ya cire, ya share fuska da hannun riga, ya ce bayan girbi za a yi, a nan Dutsi, ba sai an gaya mata ba. Ban ce a'a ba, Yaya. Ka yafe mini idan kana raye.

Ɗakin ma Kawu zai karɓa, ɗansa zai zuba taki da maganin feshi. Na fara ɓamɓare kwalayen. Ashe gara ta cinye bayansu tuntuni, fuskar ce kawai ta rage.

Jiya na je gida. Na tarar da Inna riƙe da rediyon a cinya, ba ta kunna ba. Ta ce batir bai ƙare ba. Ta juyo da fuskarta inda take jin motsina, ta ce, “Laminu, ce mishi shi aiko da wata. Wagga na hardace ta.” Na ce to, Inna. Ta ce in rubuta maka yau, kada in bari sai gobe. Ga shi na rubuta.

Ya Allah, idan bawanka Isuhu yana numfashi a wani wuri, a kurkuku ne ko a asibiti ko a hannun wasu, Ka shayar da shi, Ka kwance shi, Ka nuna masa hanyar gida tun Inna tana ji. Idan kuma Ka riga Ka karɓe shi, Ka sa ya cika da kalmar shahada, Ka sa wani Musulmi ya rufe shi, Ka yalwata masa makwanci. Mu kuma Ka ba mu haƙurin rashin sani, domin ya fi ƙarfinmu. Amin.

Ka huta lafiya, Yaya.

Ƙaninka,
Laminu
Dogon Dutsi