Ƙwan Malam da Rijiyar Yelwa

Litinin, 4 ga Maris, 1974
Yau na yi darasin da na fi jin daɗinsa tun da aka turo ni Yelwa. Na dafa ƙwai, na zana masa layuka da tawada, na kai aji shida. Ɓawon shi ne ƙasar da muke takawa, farin shi ne dutse mai zafi da ke ƙarƙashi, gwaiduwar kuma ƙarfen da ke can tsakiya. Na ƙwanƙwasa shi a tebur ya tsattsage, na ce musu haka ɓawon duniya yake, gutsure-gutsure, kowanne yana tafiya a hankali kamar tsiron farce. Babu wannan a littafinsu, a kwas ɗin Kano na ji shi. A'i 'yar Mai Unguwa ta ce, "Malam, har ƙasar gidanmu?" Na ce har ita.

Alhamis, 7 ga Maris
Rijiyar gari ta rufta da hantsi. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Ita kaɗai ta rage mana bayan farin bara.

Asabar, 9 ga Maris
Wai ni na rushe rijiya. Ni Halliru. Wai na yi rubutu a jikin ƙwai, na fasa shi a gaban yara, na ce ƙasa ta tsage, kwana uku sai ga shi. Rubutun da suke nufi taswira ce. Na gai da mutane a ƙofar masallaci, rabinsu suka amsa a ciki. Da hannuna na dafa ƙwan da aka shafa mini kashin kaji da shi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Litinin, 11 ga Maris
Yara huɗu cikin talatin da ɗaya.

Talata, 12 ga Maris
Hedimasta Ubale ya kira ni. Mai Unguwa zai aika Gumel a ɗauke ni, mai duba makarantu kuma zai zo ran ashirin da biyar. In ya tarar da aji wayam, shi ke nan. Na ce kai ma ka san ƙarya ce. Ya ce, "Na sani mana, amma wa ya aike ka da ƙwai?" Matsoraci. Shekara goma sha biyu yana koyar da cewa duniya zagayayyiya ce, amma da murya ƙasa-ƙasa.

Alhamis, 14 ga Maris
An ɗauko mai haƙa daga Sule Tankarkar, kuma ba kowa ba ne sai Kawu Mati, yayan Inna. Duk mahaƙan ƙasar nan a rasa wanda za a kira sai shi. Mutumin da ya je mini kwaleji da laka har gwiwa, na ce wa abokaina ɗan garinmu ne kawai. Ban sani ba ko ya ji ranar. Yau dai a gaban jama'a ya ce, "A'a, ga Malam masanin cikin ƙasa. Gaya mana, gaba nawa ya rage mu kai gwaiduwa?" Aka yi ta dariya. Na koma gida ban ci tuwo ba.

Lahadi, 17 ga Maris
Na same shi a bakin aiki, na ce Kawu, ka gaya musu ba ni ba ne. Yana jera ƙasa a kan tabarma, dunƙule-dunƙule, kowane hawa da ya ratsa sai ya ajiye hannu ɗaya, haka al'adarsu take. Bai ko ɗago ba. "Ka ce ka san abin da ke ciki har tsakiya. Ka taɓa shiga ko gaba biyu?" Na ce ilimi ba sai an shiga ba. Ya ce to shaida ma ba sai an bayar ba. Tsoho mai taurin kai. Da ba ɗan'uwan Inna ba ne da na faɗa masa wadda ba zai manta ba.

Talata, 19 ga Maris
Na shiga.

Suka zaunar da ni a madaukin igiya, ƙarti shida na sakina. Na karanta duk abin da na haddace, har da wanda ban san na haddace ba. Jigawa da farko, sai jar ƙasa, sai marmara mai yankar hannu, sai yumɓu mai santsi. Kowanne da iyakarsa, kamar an ja layi. A gaba goma sha takwas na tarar da Kawu tsugune. Ya kama hannuna ya tura a farin rairayin da ke ƙarƙashin yumɓun, ya zubo kamar gero. Ya ce da ruwa ya ja baya, an sa samari sun yi ta yasa har suka cinye gindin ginin, rairayi ya zame, na sama ya biyo. Na san wanda ya sa su, duk gari an sani.

Wurin akwai ɗumi, gumi har idona. Ya ce, "Zafin nan da kake faɗa, mu mun san da shi. Ko da sanyin hunturu ƙasan rijiya ba ta huce. Sai dai ba mu san daga ina yake ba." Sannan ya ce, "Da gaske tafiya take yi?" Na ce da gaske. Ya ce, "Hmm."



Juma'a, 22 ga Maris
Bayan an sauko daga masallaci, Kawu ya tara mutane a bakin rijiya, ya nuna musu dunƙulen nan biyar, ya zuba ruwa a kan rairayin ya narke a gabansu. Ya ce, "Shekara arba'in ina wannan aiki, ban ga ƙwan da ya kai gaba goma sha takwas ba. Ɗan ƙanwata ne, ya shiga ya gani." Bai ambaci Mai Unguwa ba. Na so ya ambata, na so ƙwarai. Shi kuwa Mai Unguwa sai gyara rawani yake, yana cewa dama dai yara ne da surutu. Ba wanda ya ce mini yi haƙuri.

Litinin, 25 ga Maris
Yara ashirin da uku. A'i ce ta fara shigowa, tana kallon ƙasa. Mai duba makarantu ya tarar da gwangwani biyar na ƙasa a kan tebur, da Kawu yana yi wa yara bayanin marmara, ni ina gefe da ƙwai. Hawa biyar ɗin Kawu duk a cikin ɓawon suke, na gaya musu, ya ce to ɓawon ne ke ba ku ruwa. Da aka gama Kawu ya ɓare ƙwan ya cinye, wai kada a sake samun matsala.

Baƙon ya tambaye ni wane ne tsohon. Na ce kawuna ne. Baƙon ya ji, ba ji ba ne bai yi ba, amma na sake faɗa.

Na ba Kawu kujerata ya zauna. Ƙafarsa ce ke ciwo, shi ya sa.