Kujerar Harlan a Teburin Talata

Biloxi, 4 ga Maris

Ƙanena Odell,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taka? Ya ƙarin haƙurinmu? Yau kwana ashirin da binne yayanka Harlan, har yanzu kofi biyu nake dafawa da safe.

Jiya na je gidan cacar bakin teku. Ka san al'adar tsofaffin teburin Talata: in ɗayansu ya rasu, a kan raba wa kujerarsa karta sau ɗaya, kowa ya miƙe tsaye. Na tambayi mai kula da ɗakin wasan kartar foka yaushe za a yi wa mijina. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Madam, wanda aka kora kan haɗa baki ba a yi masa."

Wane haɗa baki, Odell? Ni ce mini ya yi bayansa ke ciwo, shi ya sa ya daina zuwa. Kai kana wurin. Ka faɗa mini.

Ka huta lafiya,
Verna

Gulfport, 9 ga Maris

Yaya Verna,

Na gode da gaisuwa, ƙafa da sauƙi. Sau uku ina yaga wannan takarda.

Tun bara Harlan ya fara mantuwa. Ba ya gane lokacin da layi ya zo kansa, sai in taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. In kuma muka rage ni da shi, sai in jefar da kartata ko da ta fi tasa, don ya ci.

Ranar da abin ya faru an zaunar da mu nesa da juna, ƙafata ba ta kai ba. Saura mutum biyu layi ya iso shi, ya tura duk abin da ke gabansa tsakiya. Ni kuwa ina riƙe da kartar da mahaukaci ma ba zai jefar ba, na jefar. Tsoho Cuevas, abokin wasanmu, ya cafke hannuna ya buɗe ta, ya ce, "Kai, 'yan'uwan nan! Yaya ya yi alama, ƙane ya kauce. Mu ne jakunanku ke nan?"

A ofishin gidan cacar na buɗe baki zan yi bayani, Harlan ya riga ni. Ya ce, "Ni na shirya, wannan sakaran bai san komai ba." A mota ya ce mini gara a kira shi macuci da a ce kansa ya taɓu. Ya sa na rantse ba za ki ji ba.

Ki yafe mini.
Ƙaninki Odell

Biloxi, 13 ga Maris

Odell,

Ina gaishe ka. Na karanta, na yi kuka, na kuma yi fushi.

Ai na sani. Na taɓa tsintar takalminsa a firiji. Ya taɓa kirana da sunan mahaifiyarku. Na yi shiru don kada ya ji kunya, kuma, Allah ya gafarta mini, Talatar nan ita ce ranar hutuna. Ni nake miƙa masa hula in ce ya tafi.

Ban yi karatu mai zurfi ba, amma Cuevas bai yi ƙarya ba. Mutanen nan sun zauna da ku suna zaton kowa kansa yake yi wa wasa. Ƙauna ce ta sa ka, na yarda, amma an cuce su. Sai dai ba Harlan ne ya cuce su ba. Shi ko wane tebur yake bai sani ba.

Ka je ka faɗa musu. Na san ka rantse masa. Na san tun rasuwar matarka Jolene ba ka da wurin zuwa sai teburin nan. Duk na sani, kuma ina roƙonka. Ba na iya shiga coci ina tunanin abin da ake kiransa da shi.

In ba za ka iya ba, miyar jatan landenka tana nan ranar Lahadi kamar kullum.

Yayarka,
Verna

Gulfport, 18 ga Maris

Yaya Verna,

Ina gaisuwa. Na faɗa musu, a gaban kowa. Cuevas ya cire hularsa kawai.

Talata ƙarfe biyu za su raba wa kujerarsa karta. Ni an ce kada in ƙara taka ɗakin. Zan zo in ɗauke ki, amma ke kaɗai za ki shiga. Zan jira a mota.

Sai na zo,
Odell